Ranar da Na Ƙone Lambunan Mirriya

Ba zan taɓa mantawa ba da tsiyar da na tafka a shekarun fari. Ina ƙaramin ma'aikacin noma a Damagaram, sabon fitowa daga lakwal, wato makarantar boko, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro gero.

Wata anasara da muke aiki tare ta kawo hoton ƙasarmu da tauraron ɗan'adam ya ɗauko. Da launinsa ake gane inda shuka ta yi da inda ta mutu, da shi kuma za a jera garuruwan da za a fara kai wa hatsin agaji. Ta ce in zo ta koya mini, na ce na sani. (Me na sani? Ja da kore ne dai, in ji ni, ko akuya ta san su.)

Ranar taron masu gari zazzaɓi ya kwantar da ita, aka ce ni zan yi bayani. Na manna hoton a bango, na ɗauki sanda, ina cusa Faransanci cikin Hausa don a san na yi karatu.

"Duk inda kuka ga ja, ya ƙone ƙurmus, can kamiyo, babbar motar hatsi, zai fara zuwa. Masu kore-koren nan su yi haƙuri, suna da abinci."

Wani dattijo, mai garin wani ƙauye ta wajen Durum, ya taso. Ya ƙura wa hoton ido, ya bi hanyar mota da yatsa.

"Ɗana, jan nan ba Mirriya ba ce?"

"Ita ce, Baba."

"To, shekaranjiya na ratsa lambunanta, albasa shar. Koren nan kuwa garina ne. Matanmu gidan tururuwa suke tonowa neman tsaba. In ka ga abinci can, taso mu je ka gwada mana."

Ko mutum ɗaya bai yi dariya ba, abin da ya fi kashe ni ke nan. Ashe na'urar ba irin idonmu gare ta ba: ganye mai rai shi ke fitowa ja, busasshiyar ƙasa ita ce mai kore-koren. Ba don tsohon nan ba, da na tura wa masu lambu hatsi na bar mutanensa da tururuwa, ina ta baza Faransanci.

Aka gyara jerin, garinsa ya koma sama. Ni kuwa har na bar aikin "Mushe Ja" ake kirana, wato Malam Ja da Faransanci, a gabana ma. Tun daga ranar, in takarda ta ce mini mutum ya ƙoshi, sai na leƙa tukunyarsa kafin in taya shi murna.