Baƙuwar Turai a Saman Soronmu

Madogarata uku ce: hoto guda mai dishi-dishi, shaidar kawuna Malam Sabo, da abin da nake tunawa, wanda na daina amince masa. Lokacin sanyi ne, shekarar da na gama jami'a. Ranar kuwa akwai saɓani: na ce Asabar, Kawu ya ce Lahadi.

Nakan ajiye gero da kaskon ruwa a saman soronmu na Madabo, ina jiran tsuntsayen da sanyin Turai ke korowa. Sai ga wata mai kama da kurciya, fukafukanta shuɗaye. Na duba littattafai, babu irinta. Maimakon in yi shakka, sai na kira malamin da nake fatan ya karɓe ni digiri na biyu, na shaida masa na gano baƙuwar da ba a taɓa rubutawa ba.

Dattijon malamin ya zo, ya hawo matakala da ciwon gwiwarsa. Baƙuwar ta sauka, ta faɗa kasko ta yi wanka a gabanmu. Ruwan ya koma shuɗi, ita ta fito fara fat. Tantabarar gida ce da aka shafa wa bular wanki, kamar yadda wasu masu kiwo ke yi wa nasu shaida.

"Allah ya ƙara basira," in ji malamin, ya sauka. Bai sake ɗaga wayata ba.

Har yau ko kaza ce ta gifta, sai Kawu ya ce, "Farfesa, wannan daga wace ƙasa?" Na gaji da murmushi.

Abu guda ban tabbatar ba. Babu mai kiwon da ya ce tasa ce, kuma a teburin Kawu ake sayar da bula a layinmu. Wa ya shafa mata?