Yadda Za Ki Ci Sarautar Rodiyo da Malafar da Ta Fi Kanki

Ke 'yar nan, matso kusa. In kina son zama Sarauniyar Rodiyo ta jiharmu, wato wasan sukuwar doki da kamun maruƙa da igiya, kin zo gidan. Ni Twila, sau uku na shiga gasar nan, sau uku na zo ta biyu, don haka babu hanyar faɗuwar da ban sani ba. Bi matakan nan, kambi naki ne, ko shakka babu. Na gwada su a kan Rayna, 'yar ƙanena, kuma tana nan da ranta.

1. Nemo kaka mai taurin kai

Tamu ita ce mahaifiyata, Opal. A cewarta, da can wadda ta fi sayar da tikitin shiga ake naɗawa, ko da ba ta san gaban doki da bayansa ba. Shekarar da aka ce sai wadda ta iya hawa, ita ta ci. Hotuna biyu ne a bangonta: na naɗin, tana sanye da farar malafa, da na aurenta bayan wata guda, kanta a aske kamar na sabon soja. Wai yayin lokacin ke nan.

Malafar nan ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba. Ni ko a mafarki ba ta ba ni aronta ba, kuma abin yana ci mini rai har gobe. Amma sai ga shi ta miƙa wa Rayna.

"Aro ne, yarinya. In kin dawo da kambi a kanta, taki ce. In ta taɓa ƙasa, da ita za a binne ni."

"Kaka, ai ta yi min yawa. Har hanci take sauko min."

"Sai ki ƙara girman kai."

2. Haddace dokar malafa

Alƙalai za su tambaye ki maganin ciwon cikin doki, su duba zamanki a sirdi, su saurari jawabinki. Duk wannan sharar fage ce. Malafa ta faɗi ana sukuwa, makinki ya bi ta. Kika kai hannu kika dafe ta, nan ma sun gani. Iskar jiharmu kuwa kin san halinta, kaza take ɗauka ta kai wa maƙwabta.

3. Kafe ta

Cusa soso a ciki. Soka fil ɗin gashi har sai idonki ya kawo ruwa, don in bai yi zafi ba, bai kama ba. Manna salatif a goshi. Ƙarar da gwangwanin feshin gashi. Mun yi duk wannan, na girgiza kan Rayna, malafa ta motsa. Sai na shiga ɗakin sirdi na ɗauko gam ɗin da ubanta ke liƙe tsagaggen kofato da shi.

"Goggo, anya kuwa?"

"Wa ya zo ta biyu sau uku, ni ko ke? Sunkuyo."

4. Koyi murmushin da ba ya gajiya

Kada ki ɗauka zaman kujera za ki yi. Ke ce mai zagaya fili da tuta a guje, ke ce mai korar maruƙa bayan an ɗaure su an kwance. Shekara guda kina cikin a-kori-kura daga wannan gari zuwa wancan, kina shiga makarantu, yara masu majina suna tambayarki ko dokinki yana da mata. Shafa basilin a haƙora, leɓe ba zai manne ba.

5. Kiyayi doki mai suna mai daɗi

Ba dokinki za ki hau ba, ƙuri'a ake zara. Rayna ta zaro wani wai shi Zuma. Tun daga nan na fara addu'a. Suna tsakiyar fili iska ta kwaso wata leda ta watsa masa a fuska. Wayyo! Zuma ya hau tutsu, ƙafar yarinya ta fita daga likkafa, maɓallin rigarta ya yi nasa wuri. Malafar wata 'yar takara da ke jira a bakin shinge ta tashi, har yau ba a gan ta ba. Opal ta miƙe da sandarta tana ihu:

"Linzami za ki riƙe, shashasha! Rabu da malafar!"

Rayna ta shawo kansa, ta ƙarasa zagayen tana ɗaga wa jama'a hannu, haƙora na ƙyalli. Malafa ko gezau. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

6. Karɓi kambi, ki gudu gida

Mu nan muka yi sake. An kafa kambi a kan malafa, an yi tafi, mun koma bayan mota muna cin gasasshen nama da wake, sai Opal ta ce:

"Miƙo min ita in riƙe sau ɗaya kafin in sallama."

Rayna ta ja. Shiru. Ta sake ja, girarta ta bi malafar sama. Tsohuwa ta matso ta sansana bakin malafar, ta juyo ta kafe ni da ido. Na fara neman hanyar gudu.

"Twila, gam ɗin kofato?"

"Ɗan kaɗan ne, Mama."

Ta fashe da dariya har sai da ta dafe haƙoran robanta.

"Kin ɗauka don yayi aka aske ni ranar aurena?"

Ta jawo kan jikarta, malafa da kambi da komai, ta rungume.

"Taki ce, yarinya. Ko ba taki ba ce ma, wa zai iya ƙwace ta?"

Gargaɗi

Ba ruwana da gashinki, da girarki, da yadda za ki kwanta barci. Kambi na yi miki alkawari, ban ce za ki cire shi ba. Mai ƙorafi ta nemi Rayna, ba ta da wuyar ganewa: ita ce sarauniyar da ke yawo da askin soja. Hotonta ne na uku a bangon.