Kwalbar Babana ta Maganin Fargaba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tashi da niyyar gyara wa jama'ar ƙasar nan tarihinsu da kwalba guda ɗaya. A fahimtata, duk mai son sanin yadda aka mallaki al'umma, kada ya ɓata lokacinsa a kan bindigogi da yarjejeniyoyi. Ya leƙa ƙarƙashin gadon tsofaffi ya ga kwalaben da suka ƙi zubarwa. Wannan magana na yi shekara talatin da biyar ina faɗa wa 'yan sakandare a ajin tarihi, su kuma suna hamma.

Da na yi ritaya sai na mayar da hankali ga littafin da na daɗe ina rubutawa da hannu, a kan magungunan kanti na zamanin Turawa, musamman waɗanda ake cewa na jijiya ne. Abin da mu muke kira fargaba, firgita, rawar jiki ko rashin barci, su duk sun haɗa shi sun ce jijiya ce ta gaji, sun kuma zuba mata magani a kwalba. Turawan haƙar kuza na Rayfield, a nan Jos, suna sha bayan cin abinci, akawunansu suka gani suka ɗauka, leburori suka ga akawu. Takardar jikin kwalbar kan yi alkawarin warkar da komai, ban da talauci da mulkin mallaka. Littafin rubutu goma sha biyu na cika, shekara goma sha takwas. Babu wanda ya taɓa karanta su sai gara, ita ma babi biyu ta ci ta haƙura.

Duk ginin littafin a kan babana yake. Mai awon kuza ne a wani kamfani. Wata rana rami ya rufta da abokan aikinsa a gaban idonsa, tun daga nan hannunsa ya kama rawa. Likitan kamfani ya ba shi wata kwalba mai ruwan ƙasa-ƙasa, da rubutun Turanci a jikin gilashin. Ina yaro nakan hango ta a adakarsa. Daga wannan hange na yanke hukunci cewa babana ya watsar da magungunan iyayensa, ya miƙa wuya ga kwalbar Bature har ya mutu. Ban taɓa tambayar kowa ba. Ƙanwarsa, Goggo Hajara, tana nan da ranta a gidanmu na unguwar Gangare tana kiwon kaji, kayansa ma a ɗakinta suke. (Amma masanin tarihi ba ya tambayar goggonsa. Takardu yake tambaya.)

Ana nan sai wani tsohon ɗalibina, Dakta Pam, wanda yanzu ke koyarwa a jami'a, ya zo har gida.

"Sir, akwai taro da za mu yi a harabar jami'a da ke Naraguta. Ka zo ka yi mana magana a kan aikinka. In manya sun gamsu, sashenmu zai buga littafin."

Na ce zan duba jadawalina. Jadawalin nawa a lokacin bai wuce zuwa masallaci da sayo burodi ba. Wannan ita ce dama ta farko da aka taɓa yi mini tayi, kuma na san a shekaruna ba a yin ta biyu.

Da safiyar ranar Goggo ta tafi suna a maƙwabta. Na shiga ɗakinta neman kwalbar, sai ga ta a kan taga, da toshiyarta, har da ruwa rabi a ciki. Na ɗauke ta da murna. Maganin Bature, tun kafin samun 'yancin kai, bai ko bushe ba! Ban tsaya na tambayi kaina me ya fito da ita daga adaka ba. Na jefa ta a aljihun babbar riga na fita.

Sai dai akwai abin da ban gaya muku ba. Tsayuwa gaban yara daban, tsayuwa gaban farfesoshi daban. Da na isa na hango motoci jere, na ga masu furfura da tabarau suna shiga zaure, sai hannuna ya kama kakkarwa. Na ce sanyin Jos ne. Na zagaya bayan zauren, ƙarƙashin itatuwan turare, na yi ƙoƙarin karanta shafin farko, takardar na kaɗawa kamar tuta. Na yi addu'a, na yi dogon numfashi, ba ta daina ba. Sai na ji nauyin kwalbar a aljihu.

Na ce a raina ai wannan ma bincike ne. Ya za a yi mutum ya rubuta littafi a kan abin da bai taɓa ɗanɗanawa ba? Na duba hagu, na duba dama, na cire toshiya, na kafa baki na kurɓa. Ɗaci da bauri, kamar na tauna biro. Na ce haka magani mai shekaru yake. Na ciro baƙin hankicina na goge baki sosai, na shafa har gemu, saboda ni mutum ne mai tsabta. Gemuna fari ne fat, ku riƙe wannan.

Abin takaicin, wallahi hannun ya daina rawa.

Na shiga ta ƙofar gefe daidai lokacin da ake kiran sunana. Ina yin sallama zauren ya yi tsit. A shekara talatin da biyar ban taɓa samun irin wannan shirun ba. Kowa ya zuba wa bakina ido. Na ce a raina, ashe haka masu ilimi ke sauraro, ashe duk rayuwata a wurin da bai dace ba na yi ta. Dakta Pam, daga teburin manya, sai nuna mini bakinsa yake yi da yatsa. Na ɗauka cewa yake in matso da abin magana, na matso, na ƙara murya. Ya aiko mini da ruwa. Na sha, na sake goge baki da hankicin nan.

Minti arba'in na yi. Na yi bayanin yadda waɗannan magunguna galibi barasa ce da abin sa barci da ɗan ɗaci don a ji kamar ana aiki. Na ce Bature ya haƙa ramin da ya firgita mutum, sannan ya sayar masa da maganin firgita. (Wannan jimla wata uku na yi ina goge ta.) Daga nan na ciro kwalbar na ɗaga sama.

"Ga shaida. Ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki ne, amma ba shi da ilimin da zai gane yaudara. Mu da Allah ya ba mu karatu, ko ɗigo ɗaya na wannan ba za mu yarda ya taɓa harshenmu ba."

Wani a baya ya yi wani irin tari. Wayoyi suka ɗago sama, na gyara tsayuwa don hoton ya yi kyau.

Da aka zo tambayoyi, wata dattijuwa ta miƙe, ta ce ita tsohuwar nas ce, shekara talatin ta yi a asibiti.

"Oga Malam, sannu da ƙoƙari. Abeg ba ni kwalban nan in gani."

Aka miƙa mata. Ta buɗe, ta shinshina, ta ɗiga a bayan takardar shirin taro. Ta ɗaga takardar kowa ya gani, shunayya ce shar.

"Wannan ai GV ne, na shafa wa ciwo. Ko wata ɗaya bai yi ba a ciki. Ba a sha fa, Oga. Nawa ka sha?"

Na ce ban gane tambayar ba.

"To, duba," in ji ta, ta ciro madubi daga jakarta.

Leɓɓana, haƙorana, harshena, da rabin gemuna, duk sun rine. Na yi kama da wanda aka tsoma kansa a marina aka ciro da wuri. Da wannan fuskar na yi minti arba'in ina koya wa farfesoshi illar saurin yarda.

Ba su yi dariya nan take ba, kuma da sun yi da ya fi sauƙi. Shugaban taro ya cire tabarau yana gogewa, kafaɗunsa na motsi. Nas ɗin ta ce kurɓa ɗaya ba ya kisa, in sha ruwa da yawa, in cikina ya murɗa in je asibiti. Dakta Pam ya raka ni har bakin titi ya tsayar mini da keke mai ƙafa uku.

"Sir, batun littafin, za mu yi magana."

Ni na koya masa tarihi, na san yadda ake binne abu da ladabi.

Na iso Gangare da hankici a baki. Goggo na tsakar gida riƙe da zakara, an tsattsage masa tukku a faɗa.

"Kai Malam, wa ya ɗauke mini maganin kaji?"

Na sauke hankicin. Ta daɗe tana kallona.

"Innalillahi. Kai ma tsattsagarka aka yi?"

Na zauna a kan turmi na gaya mata komai, har da abin da na faɗa a kan babana. A nan ne ta daina murmushi.

"Yayan nawa ka ce ba shi da wayo? A gaban mutane? Ranar da aka ba shi maganin nan ya shinshina ya ce warin giya yake ji, ya tuttular a kwata. Kwalbar ce ya ga tana da kyau ya ajiye yana zuba man keken ɗinki."

"To, rawar hannun fa, Goggo?"

"Barin aikin ramin ya yi ya koma ɗinki. Wata shida ya warke. Da ka tambaye ni ai da na gaya maka. Kullum kana wuce ni da littattafai a hammata."

Shekara goma sha takwas, kuma amsar tana taku goma daga teburina tana watsa wa kaji dawa.

Kwana tara launin ya yi kafin ya bar leɓɓana, gemun kuwa aske shi na yi. Hoton ya zaga wayoyin tsofaffin ɗalibaina, wasu har kira suka yi su yi mini jaje, ina jin dariyar a bayan muryarsu. Dakta Pam yakan gaishe ni da Sallah, ba ya ambaton littafi, ni ma ba na ambata. Littattafan goma sha biyu suna cikin kabad, na daina sa musu maganin gara.

In akwai darasi, shi ne kafin ka tsaya a bainar jama'a ka tausaya wa jahilcin ubanka, ka fara tambayar ƙanwarsa, sannan ka nemi madubi.

Na sake bin tarihin kwalbar daga farko, wannan karon daga bakin Goggo. Tun daga zamanin Turawa har yau, mutum ɗaya ne kacal a zuriyarmu ya taɓa shan abin da ke cikinta.