Bawul ɗin da Na Raina

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na fara shiga ruwa da gilashin nutso ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. Mutanen gidana ma ba su da niyyar barina.

'Yata Ummi ce ta ja ni. Shekararta sha bakwai a lokacin, saura 'yan watanni ta tafi jami'a, kuma tun da ta girma hirarmu ba ta wuce "kin yi salla?" da "ina sakamakon jarrabawa?" Ina yi mata Hausa tana mayar min da Turanci, kamar yawancin yaran da suka tashi a nan Silver Spring. Wata rana ta same ni a falo ta ce tana so ta koyi nutso irin na masu goya tukunyar iska, kuma ba a yin sa mutum ɗaya, dole sai da abokin nutso. Ni take so. Rabon da ta roƙe ni mu yi wani abu tare tun tana firamare. Na ce ta kwantar da hankalinta, ai ni a bakin kogin Wudil na tashi. (Gaskiya ne, a bakin kogin na tashi. A bakin. Mahaifiyata ba ta taɓa barin ruwa ya wuce min gwiwa ba. A nan Amurka na koyi 'yar ninkayar da ta ishe ni tsallake gwajin shiga ajin.)

Kafin darasin farko sai kowa ya sayi gilashinsa, wanda ke rufe ido da hanci. Mai shagon da muka je wata dattijuwa ce Ba'amurkiya mai suna Donna, kuma ita ce malamarmu. Ta ajiye min guda biyu a kan tebur. Ɗaya salin-alin. Ɗayan yana da wani ɗan bawul na roba a ƙarƙashin hanci, bai fi maɓallin riga ba.

Ta yi bayani a natse. Ruwa kan shiga gilashi, ba makawa. Idan marar bawul ne, sai ka danne samansa da yatsu, ka ɗaga kai sama kaɗan, ka huro iska ta hanci, ruwan ya fita ta ƙasa. Idan mai bawul ne, ba sai ka ɗaga kai ba, sunkuyarwa ma za ka yi, ka hura, ruwan ya bi ta bawul ɗin ya tafi. Ta ce yawancin gwanaye marar bawul suke so, domin ya fi sauƙin matse hanci idan kunne ya toshe, kuma yashi kan maƙale a bawul. Ummi ta ɗauki marar bawul. Sai Donna ta tsaya tana kallon gashin bakina.

"Amma kai," in ji ta, "da wannan gashin bakin, ruwa zai riƙa tsiyayo maka. Ko ka rage shi, ko ka ɗauki mai bawul."

Abin da ba ta sani ba, ni injiniya ne. Na fi shekara ashirin ina aikin famfuna da bututun ruwa a manyan gine-ginen gwamnati na Southwest Washington. Da bawul nake ci da iyalina. Don haka na gyara tsayuwa na buɗe mata aji a cikin shagonta. Na ce duk inda aka sa bawul an sa ranar lalacewa. Na yi maganar roba da tsufanta, na yi maganar yashi (wadda yanzun nan ta gama faɗa min). Har biro na karɓa na zana mata hoto a bayan wata takarda. Ummi tana jan hannun rigata, ni kuwa yanzu na fara. Na rufe da cewa mai bawul na matsorata ne, gashin bakina kuma tun kafin a haifi yarinyar nan yake wurinsa, ba mai taɓa shi.

Donna ta ce, "Fuskarka ce." Ta sa min marar bawul a leda.

Asabar ta zo. Mu shida ne a ajin, a wurin ninkaya na cikin gini. Aka goya mana tukwane, kowa ya ciji abin numfashi a baki, muka durƙusa a ƙasan ruwa ta ɓangaren da ba shi da zurfi, kowa kusa da abokinsa. Tun kafin a fara komai na ji ruwa yana silalowa ta gashin bakina, daidai yadda matar ta faɗa. Na share, na yi mata alamar lafiya lau da yatsu.

Aka zo darasin fitar da ruwa. Ummi ta ɗaga gilashinta ruwa ya shiga, ta danne, ta ɗaga kai, ta hura. Tas. Donna ta tafa mata a cikin ruwa, sannan ta nuno ni.

Na bar ruwa ya shiga har ƙasan ido. Na danne sama yadda aka ce. Na ɗaga kai. Ruwan ya gangaro ya taɓa ƙofar hancina.

To, a nan ne fa. Tun ina ɗan shekara bakwai, sau biyar kowace rana, idan ruwa ya zo ƙofar hancina abu ɗaya nake yi masa: in shaƙa, sannan in face. Haka Malam ya koya mana alwala, da bulala a gefensa, kuma ya ce a kai ruwan ciki sosai in ba azumi ake ba. Hancina bai tsaya neman shawarar injiniya ba. Ya shaƙa. Ya kuma kai shi ciki sosai, don ba azumi nake ba.

Ruwan mai warin magani ya bi ta maƙogwarona kamar barkono. Na tofar da abin numfashi, na manta duk wata alama da aka koya mana. Hannuna ya laluba ya kama abin da ya samu, na danna shi ƙasa, na taka, na yunƙura sama. Na fito ina tari, ina kalmar shahada da ƙarfi har ginin yana amsawa. Sai na ji ƙafafuna a kan daɓe. Na miƙe tsaye. Ruwan iyakarsa ƙirjina.

Abin da na taka kuwa kafaɗar Ummi ce. Garin haka na fizge mata gilashi daga fuska.

Na leƙa ina kallonta ta saman ruwa. Ido a rufe ta laluba ta ɗauko gilashinta, ta mayar, ta fitar da ruwan a natse, sannan ta taso. Ɗalibai suka ɓullo ɗaya bayan ɗaya suna kallona, majina har haɓa. Donna ta tabbatar ina numfashi, ta duba Ummi, sannan ta tambaye ni a hankali me ya sa na ja ruwa ciki, bayan ta ce a huro waje har sau uku.

Ummi ce ta dube ni, ta dubi hancina, sai kafaɗunta suka fara rawa. Da Hausa ta faɗa, Hausar da na yi shekaru ina roƙon ta yi min:

"Baba, alwala ka yi."

Ta juya ta fassara wa ajin, har tana kwatantawa da hannu. Donna ta ce tun da take koyarwa ba ta taɓa jin wannan dalilin ba. Wani saurayi ya ce abin sha'awa ne ƙwarai. Da ma dariya ya yi, da ta fi min sauƙi.

A mota ban kunna rediyo ba. Shaƙar ruwan ba ita ta dame ni ba. Ni na zo a matsayin wanda zai kula da ita a ƙasan ruwa, kuma da abu ya tashi, ita na taka na tsira. Kunyar ta hana ni kallon gefenta. Da muka tsaya a danja na ce, "Ummi, ki nemi wani abokin nutson. Ni ban dace ba."

Ta murza kafaɗar da na taka. Sannan ta ce, da Hausarta mai tsalle-tsalle, "Ba na so wani. Ka koma, ka sayi mai bawul."

Ranar Litinin na koma shagon. Donna ta miƙa hannu ƙarƙashin tebur ta ɗauko mai bawul ɗin. Ashe ta ajiye min tun ranar farko, naɗe a cikin takardar da na yi mata zane. Ta dai gargaɗe ni cewa bawul zai hana ni ɗaga kai, amma ba zai hana ni shaƙa ba, wannan aikina ne. Na yi mako biyu ina tsoma fuska a robar wanki a banɗaki, Ummi na zaune a bakin baho tana ba ni umarni, mahaifiyarta na wucewa tana tambaya ko Sarkin Ruwan Wudil zai ci tuwo. Na rage gashin bakin ma. A karo na biyu na tsallake, kuma kafin ta tafi jami'a mun nutsa tare a wani tsohon ramin fasa dutse da ya cika da ruwa a Virginia, ina riƙe da hannunta, ko dai tana riƙe da nawa.

Sau ɗaya yashi ya maƙale a bawul ɗin, daidai yadda na zana. Na wanke shi shiru ban faɗa wa kowa ba.

Abin da na koya shi ne, idan mai shago ta dubi fuskata ta ce ga abin da ya dace da ni, in mayar da biro aljihu, domin ita tana ganin fuskar, ni ba na gani. Yanzu idan na kira Ummi a makaranta na ce, "Kin yi salla?" sai ta ce, "Na yi, Baba. Kai fa, ka yi alwala? A sama ko a ƙasan ruwa?"