Agogon da Ya Kama Mai Alli

Allah ya yi wa kwalejin nan baiwa da Shugaban Tsaro wanda babu irinsa. Ɗalibai suna kiransa Gani-Har-Hanji, shi kuma yana amsawa, don a wurinsa lambar yabo ce. Mutum ne mai tabarau biyu, ɗaya a karan hanci, ɗaya a goshi. Ya sha faɗa cewa ko ƙuda ne ya ƙetaro katangar kwaleji, sai ya san unguwarsu.

Abu ɗaya ne ya gagare shi. A saman benen ɗakin karatu, ƙarfen da ake dafawa ya karye tun zangon da ya wuce, aka ɗaure shi da igiyar shanya. Ba wannan ne ya dame shi ba. Abin da ya hana shi sakat shi ne wani marar kunya da ke rubutu da alli a bangon wurin: A GYARA ƘARFEN BENE. A goge yau, gobe ya dawo.

Litinin ɗin nan ta fara kamar kowace rana. Da safe ya tura masinja ya goge bango. Da hantsi dillalin wani kamfani ya baje masa haja a kan tebur: ɓoyayyun kyamarori marasa waya, wata a cikin ƙwan fitila, wata a tukunyar fure, wata a agogon bango. Gani-Har-Hanji ya sauko da tabarau na biyu, ya ɗaga kowacce ya jujjuya.

"Ƙwan fitila? Yaran yanzu kwance shi za su yi su tafi da shi. Tukunyar fure kuwa mai shara zai yi mata ban ruwa. Agogo nake so. Tun da aka kafa boko, ɗalibi bai taɓa ɗaga kai ya kalli agogo ba."

Dillali ya ce, "Ranka ya daɗe, in aka rataye shi a can ƙarshe, zai ɗauki barandar gaba ɗaya, har da ƙarfen."

"Ƙarfe ya taɓa yin laifi ne? Bango zai kalla."

Mahassada za su ce an bar jaki ana dukan taiki. Amma su ai ba su yi kwas ɗin tsaro ba.

Da azahar aka rataye agogo a jikin ginshiƙi, fuskarsa ga bango, ƙeyarsa ga ƙarfe. Da la'asar Gani-Har-Hanji yana ofis, ya zuba wa wayarsa ido kamar kyanwa a bakin rami. Dab da tashi sai ga wani dogon ɗalibi ya shigo cikin hoton. Ya ciro alli daga aljihu, ya yi rubutunsa, ya ja da baya ya duba, ya dawo ya gyara lanƙwasar wani harafi. Ya juya ya yi wa wani dariya, ya wuce.

Gani-Har-Hanji ya yi wa kansa tafi. Ya ce da masinja gobe a kawo masa yaron.

Washegari, kafin masinja ya gama neman ɗakinsu, ɗalibai suka fito daga ɗakin karatu a cunkushe. Dogon yaron ya matsa gefe don wasu su wuce, ya jingina da ƙarfen. Igiyar shanya ta yi iyakar ƙoƙarinta, sannan ta tsinke.

Agogo yana bakin aikinsa a lokacin. Bango bai motsa ba.

Bayan an tashi daga zaman makoki, uban yaron ya zo karɓar kaya. Gani-Har-Hanji ya yi masa ta'aziyya mai tsawo, wadda rabinta tarihin aikinsa ne. Uban ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "An ce akwai kyamara a wurin. Ina so in ga ɗana."

"Malam, ka zo inda ya dace. Kayanmu ba sa kuskure." Ya juyo masa da waya. "Ka ga kyan hoto? Har zanen rigarsa ana gani. Wata nawa muna neman mai ɓata bangon nan, yini ɗaya na'ura ta kama shi. Amma kada ka damu. Hukuma ta yafe masa. Ni da kaina na sa baki."

Uban ya kalli ɗansa yana gyara harafi, yana dariya. Ya ce a maimaita. Aka maimaita. Ya ce ko za a tura masa, don uwar yaron ta gani.

"Ina! Malam, in hoton nan ya fita, kowa zai gane inda kyamara take. Ai sai tsaro ya rushe."

Kayan yaron, a kwalin agogon aka zuba su, don shi ne kwali mafi kyau a ofis. A jikinsa an zana ƙaton ido a buɗe.

Littattafan, uban ya bar wa abokin ɗakin yaron. Riguna aka raba wa 'ya'yan 'yan'uwa. Takalman sun yi wa kowa yawa, uwar ta goge su ta tura ƙarƙashin gado. A aljihun wata riga aka sami guntun alli. Allin kam, uban bai ba kowa ba.

Ya koma kwalejin da rana tsaka, ya hau benen. Igiyar tana nan, sai dai sabuwa ce. Ya tsaya gaban agogo, ya cire hula don a gane shi sosai. Sannan ya juya ga bango ya rubuta abin da ɗansa ya saba rubutawa, har allin ya ƙare a hannunsa.

Kada a ce Gani-Har-Hanji ba ya jin kira. Washegari da sassafe ya sa aka kawo mai walda, da injinsa da sababbin ƙarafa, aka hau da shi benen.

Ya yi wa agogo keji.