Gangar Noma a Hanyar Nasara

Jama'a, yau da sassafe doki ya kayar da Nasara, Baturen mulki, a kan hanyar Aliero zuwa Jega, kuma kunyar da ya yi tuntuɓe da ita ni na ja ta da garmata. Kada ku zarge ni, ku saurara.

Ni manomin albasa ne. Dashena na fadama yana kukan ƙishirwa, ga shi an ce kowane gida ya ba da mutum a share wa Nasara hanya. Mai shela ya yi ta kira har muryarsa ta dushe, ko akuya ba ta fito ba. Sai babbanmu Mai Girma Sarkin Dabara, Allah ya ƙara wa rawaninsa faɗi, ya gano bakin zaren. Wai magana ganga ce, in ba ta taɓa zuciya ba banza ce. Ya sa anka kira Kalilu makaɗi.

Kalilu ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, wane kiɗi za ni yi?"

"Wanda talakawa sunka fi so."

To, Kalilu ya saki gangar noma. Wallahi ina tsaye ina ban ruwa, ban san lokacin da na yar da guga na saɓi garma ba. Gari duka ya fito, har Tamu maƙwabcina mai ciwon baya. Saƙo ya shiga zuciya kam, sai dai gangar noma ba ta san share hanya ba, huɗa ta sani. Munka ja kunyoyi kyawawa, miƙaƙƙu, har munka hango Jega.

Na ce wa Tamu, "Anya haka aka yin hanya?"

Ya ce, "Tambayi ƙafafunka, su ka rawa."

Da na koma fadama na tarar dashena ya ƙone, abincin shekara guda. Abin ya ci min rai ƙwarai. Albasar da ta tsira ba ta wuce ta suya ɗaya ba.

Mai Girma dai bai rasa dabara ba. Ya ce laifin kiɗi ne, gobe da kalangun mahauta za a kira mu mu baje kunyoyin. To, bin na gaba bin Allah. Na dai wasa wuƙata, na yanka 'yar albasar tawa. Bijimin Mai Girma kuwa yana nan ɗaure a bakin hanya. Allah ya ja zamaninsa, bijimin nake nufi.