Ci Huɗun da Ba a Ji a Rediyon Alhaji Barau Ba

Haushi ne ya sa Alhaji Barau mai taki ya buɗe gidan rediyon wasanni a Rafin Kanya. Shi ne uban ƙungiyar ƙwallon garin, ga shi rediyon birni ba ya tunawa da ita sai ran da aka lallasa ta. Rannan ya fusata, ya share ɗakin saman shagonsa, ya kafa eriya a bisa tankin ruwa, ya ɗauko mai sharhi. Bawan Allah bai daɗe ba aka kore shi, laifinsa kawai baƙi sun ci ƙwallo ya ja "ta shigaaa!" har da shewa. Alhaji ya ce shi ba zai ciyar da mutum yana yi wa abokan gabarsa guɗa ba. Don haka da Sallau ya gaji kujerar sai ya iya bakinsa, tunda da aikin nan yake riƙe da iyali.

Ran da aka je wasa Tudun Maƙera, Sallau ya bi motar 'yan wasa, ya tsaya bakin fili yana sharhi ta waya, duk gari an kasa kunne. Ana farawa 'yan Rafin Kanya suka jefa ɗaya, Sallau ya yi ta ihu har muryarsa ta dushe. Daga nan fa wasa ya juye. Duk sanda aka zura wa golansu, sai Sallau ya tuna wanda ya gada, ya ce, "To jama'a, an dawo da ƙwallo tsakiya," ya shiga gaishe-gaishen masu sauraro. Sau huɗu ana dawo da ita tsakiya, ba wanda ya tambayi dalili.

Kafin motar ta iso Alhaji ya sa an kayar da rago, makaɗa sun cika tasha. Sai ga 'yan wasa suna saukowa kai a sunkuye, gola har da hawaye. Alhaji ya ja koci gefe ya ji zancen, ya ƙwala wa Sallau kira a gaban kowa.

"Kai Sallau! Ashe huɗu aka ɗura mana?"

"Huɗu ne, ranka ya daɗe. Ta ukun ma da ka aka sa ta, gwanin kyau."

"A gabanka?"

"A gabana, Alhaji."

"Shi ne ka yi gum, ka bar ni na yanka rago na tara makaɗa? Faɗa mini abin da zai hana ka bin sawun na farkon yau ɗin nan!"

Sallau ya rusuna ya ce, "Allah ya ƙara girma, ƙwallonmu ka ɗauke ni in faɗa, kuma na faɗa. Masu huɗun nan in suna son a ji, su ma su buɗe nasu rediyon mana."